Yadda zaka karanta rubutun Latin a bangon gidajen Pompeii

In Allah ya kai ka Pompeii a Italiya, garin da tokar dutsen Vesuvius mai aman wuta ta binne a shekara ta 79 miladiyya, kar ka tsaya kallon zanen fenti kawai, bangon nan cike yake da rubutun Latin, yaren Rumawan da, wallahi.

Da farko ka raba su biyu. Akwai na fenti ja ko baƙi, manyan baƙaƙe ta wajen titi, yawanci kamfen ɗin zaɓe ne, to nan ka nemi sunan ɗan takara sannan OVF, wato roƙo ake a zaɓe shi, in ka ga AED kujerar aedile yake nema, masu kula da kasuwa da tituna kenan.

Na biyun shi yafi daɗi amma yafi wahala, wanda aka karta da tsinke a jikin filasta, gaisuwa, soyayya, lissafin bashi, har zagi. Wannan sai ka koma gefe yadda haske zai bugi bangon a karkace, layukan zasu fito. V sau da yawa U ce, sannan E a rubutun hannu sanduna biyu ce a tsaye kamar II.

Ka ɗau hoto ka zuƙo shi a waya, amma dan Allah kar ka taɓa, filastar tana marmashewa.