Ku sauya tashar Wi-Fi kafin ku sayi sabuwar rauta

Jama'a, idan intanet ɗin gidanku yana yawan tsinkewa da daddare, kada ku yi gaggawar sayen sabuwar rauta, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi a gida. Ku fara mayar da tashar Wi-Fi ɗinku zuwa 1 ko 6 ko 11.

Ku buɗe burauza, ku rubuta adireshin da ke manne a ƙasan rautar, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, sannan ku shiga da suna da kalmar sirrin da ke wurin. A sashen Wireless, ƙarƙashin 2.4 GHz (ɗaya daga cikin mitocin da Wi-Fi ke aiki a kansu), ku cire Channel daga Auto ku zaɓi ɗaya daga cikin ukun, ku kuma sa faɗin tashar a 20 MHz.

Dalili kuwa shi ne tashoshin 2.4 GHz suna hawa kan juna, waɗannan ukun ne ba sa shiga hurumin juna. A gidan hayar da nake zaune, manhajar auna sigina ta nuna mini rautoci bakwai cunkushe a tasha 6, har da tawa, kuma da na koma 11 kiran bidiyo ya daina sandarewa tun a daren.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Idan kun jona kwamfuta da rautar kai tsaye ta kebul amma jan ƙafar intanet ɗin bai ragu ba, to matsalar ba ta Wi-Fi ba ce, mai yiwuwa daga kamfanin intanet take. Haka kuma sauya tasha ba ya huda katangar siminti mai kauri; wannan sai dai ku ɗauke rautar daga bayan talabijin ku ɗora ta a sama, a tsakiyar gida.