Yadda Ɗan Kasuwar Sakkwato Zai Buɗe Wa Sana'arsa Shafin Intanet

Badukun da ke ɗinka jaka da takalmin fata a Madunka yana da masu saye a Legas da Abuja waɗanda ba za su taɓa taka ƙafa Sakkwato ba. Haka dillalin albasa, haka mai gidan ɗinki a Mabera. Irin waɗannan masu saye suna son ganin kaya da farashi kafin su buga waya, kuma aikin shafin ke nan.

Kafin ka nemi kowa, tara abin da za a zuba a ciki. Ɗauki hotunan kayanka da hantsi, a inuwa, bisa farin ƙyalle, don launin fatar ya fito yadda yake. Kusanto da waya har a ga layin ɗinki da bakin zif, domin abin da mai saye daga nesa ke dubawa ke nan. Rubuta farashi, kwatancen shago, lambar waya da lokacin buɗewa, har da sa'ar da kake rufewa don sallar Juma'a. In kana neman kasuwar Kudu, a yi bayanin da Hausa da Turanci.

Sai sunan shafin, wato adireshin da za a riƙa bugawa a same ka. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng, ana kuma saye ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Mai ƙarewa da .com.ng ya fi .ng zalla araha, ya kuma ishi ƙaramar sana'a. Zaɓi gajeren suna da za a iya faɗa a waya ba tare da an maimaita ba. In ka yi wa sana'arka rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sunan shafin ya dace da sunan da ke takardarka.

A nan nake roƙonka ka natsu. Sunan nan haya ce ta shekara-shekara, kuma wanda aka yi rajistar da imel ɗinsa shi ne mai shi. Da yawa sukan bar wa yaron da ya haɗa musu shafin ya sa nasa bayanan, ran da ya tafi hidimar ƙasa ko ya canza layi, sai shafin ya mutu, ga adireshin an riga an buga a leda da kati. Zauna kusa da shi lokacin rajistar. Imel naka, lambar waya taka, kalmar sirri a littafinka. Ko ɗan'uwanka ne, haka za a yi.

Masaukin da shafin zai zauna shi ma kuɗin shekara ne. Kamfanin da ke karɓar naira ya fi sauƙi, ka huta da neman katin dala.

Wajen zaɓen mai haɗawa, ce masa ya nuna maka shafukan da ya taɓa yi, ka buɗe su a wayarka da datarka. Wanda ya daɗe yana juyi bai buɗe ba, naka ma haka zai yi. Yawanci da WordPress suke aiki, manhajar kuwa kyauta ce, ladan aikinsa kawai za ka biya. Ku rubuta yarjejeniya: rabi yanzu, rabi bayan an gama, kuma sai ya koya maka sauya farashi da hoto da kanka. Fuska uku sun wadatar: kaya, bayanin sana'a, da yadda za a same ka. A sa maɓallin WhatsApp a inda yatsa zai kai nan take, tunda can cinikin zai ƙare. Karɓar kuɗi a shafin ta kamfanoni irin su Paystack ko Flutterwave na iya jira sai oda ta yawaita.

Kafin a sake shi, tabbatar adireshin ya fara da https, in ba haka ba waya za ta gargaɗi mai shiga cewa wurin ba amintacce ba ne. Ba mutum biyu su gwada, ɗaya mai tsohuwar waya. Daga nan ka sa shagon a taswirar Google tare da adireshin shafin, ka rubuta shi a allon shago da rasit. Ranar sabunta haya kuma ka sa wa wayarka tunatarwa tun saura wata guda.