Yadda za ka zaɓi abin saurare lokacin rubuta manhaja

Mai rubuta manhaja a Bauchi ba kasafai yake samun shiru ba. In ɗalibi ne a ɗakin haya a Yelwa ko Gwallameji, da an ɗauke wuta janaretan maƙwabta za su tashi. In shago gare shi wajen Wunti, hon ɗin Keke Napep da lasifikar masu tallar magani sun ishe shi. Shi ya sa kusan kowa za ka gan shi da iyafis a kunne. Sai dai abin da ka zuba wa kunnen yana iya gyara aikin ko ya ɓata shi, ya danganta da irin aikin da ke gabanka.

Mataki na farko: raba aikinka gida biyu

Kafin ka kunna komai, dubi aikin. Akwai wanda hannu ya riga ya saba da shi, kamar shirya fuskar shafi da CSS (yaren tsara kamannin shafin intanet), ko sake rubuta fom ɗin rajista irin wanda ka sha yi. Akwai kuma mai cin ƙwaƙwalwa: farautar kuskure, karanta kod (rubutun umarnin manhaja) ɗin da wani ya rubuta, koyon sabon yare, tsara rumbun bayanai.

A kashi na farko kiɗa na taimakawa, domin yana korar kasala. A shekarar 2005 Teresa Lesiuk ta wallafa binciken da ta yi a kan masu haɗa manhaja 56 a kamfanoni huɗu na Kanada, ta ga a lokacin da aka hana su kiɗa ne walwalarsu da ingancin aikinsu suka fi yin ƙasa, aikin kuma ya fi ja musu lokaci. Nan kunna abin da ranka ke so.

Mataki na biyu: in aikin tunani ne, cire duk abin da ke da magana

A nan aka fi yin asara. Lokacin da kake bin kuskure, a zuci magana kake da kanka: "wannan madaukin mai maimaita umarni daga 0 ya fara ƙirga, jerin abu biyar ne, to na ƙarshe lambarsa 4, me ya kai ni neman na 5?" Ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke riƙe maka wannan lissafin shi ne kuma muryar mawaƙi ke kutsawa cikinsa, ko ka so ko ka ƙi. Masu bincike Pierre Salamé da Alan Baddeley sun nuna a 1989 cewa kiɗa mai murya ya fi kiɗa zalla dagula riƙe jerin lambobi. Nick Perham, wani mai bincike a Cardiff ta Birtaniya, ya ƙara wani abu a 2010: son waƙa bai cetar da kai, wadda kake so da wadda ka tsana duk sun rage wa mutane iya tuna abu bi da bi. Alamar a bayyane take. Za ka karanta saƙon kuskure sau uku ba ka fahimci komai ba, amma amshin waƙar na bakinka.

Wasu kan ce su waƙar Indiya suke sawa tunda ba sa jin yaren. Da sauƙi, ma'ana ba za ta ja ka ba, amma muryar mutum ko da yaren da ba ka sani ba tana taɓa wannan riƙon. Shirin hira na rediyo da sharhin ƙwallo sun fi kowanne muni.

Akwai tarkon da ya shafe mu mu kaɗai. Bature zai ji kalangu ya ce kiɗa ne zalla. Kunnen Bahaushe kuwa ya san kalangu magana yake yi. Da ya buga taken da ka sani, kirarin zai fara karanta kansa a ranka. Haka algaita in tana busa taken sarauta. Saboda haka in na gargajiya kake so, nemi sarewa ko gurmi ko garaya da aka kaɗa a hankali ba waƙa, wanda kuma ba ka san baitinsa ba. Na waje kuma, piyano mai sanyi ko irin kiɗan da ake kira lo-fi sun wadatar. Abin nema shi ne sauti mai tafiya bai ɗaya, ba hawa da sauka kwatsam.

Batun karatun Alƙur'ani fa? Da yawa cikinmu shi suke kunnawa, kuma niyyar mai kyau ce. Amma aya ta 204 a Suratul A'araf ta ce idan ana karanta shi a saurara a yi shiru. A ganina wanda ke kokawa da kod bai ba karatun haƙƙinsa ba, kod ɗin ma bai samu nasa ba. Gara a ware masa lokacinsa.

Mataki na uku: in ba ka jin kiɗa sam

Ba dole sai kiɗa ba. Sautin saukar ruwan sama, ko shuuu ɗin nan irin na rediyon da bai kama tasha ba, ko fankar ɗaki ma, suna rufe hirar 'yan majalisar ƙofar gida. Hedifon mai kashe hayaniya gwani ne a kan gurnani mai ɗorewa irin na janareta, amma muryar mutane na ratsa shi. Manya masu rufe kunne gaba ɗaya kuma, a zafin Maris da Afrilu na Bauchi, rabin awa ya isa kunnenka ya jiƙe da gumi. Robar toshe kunne mai arha takan yi aikin.

Mataki na huɗu: shirya jerin tun kafin ka zauna

Sauke abin da za ka saurara da dare, lokacin da data ke da rangwame, ko a Audiomack ko Boomplay ko duk inda ka saba. Ya kai na awa biyu, kuma ya zama wanda kunnenka ya riga ya sani, domin sabon abu kiran hankali yake. Rabin ɓarnar ma ba daga kiɗan take zuwa ba. Talla ce ta faɗo a tsakiyar YouTube, ka ɗauki waya don ka tsallake ta, idonka ya faɗa kan saƙon WhatsApp, shi ke nan zaren tunanin ya tsinke. Kunna, kife wayar, ture ta nesa.

Mataki na biyar: kula da kunnenka

Janareta na ruri, kai kuma kana ƙara murya don ka danne shi, a haka ji ke lalacewa ba a sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako, amma in ya kai 90 awa huɗu ne kacal. Shawararta kada ka wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin muryar na'urar. In abokin ɗakinka na jin abin da ke fita daga iyafis ɗinka, ko sai ya taɓa kafaɗarka kafin ka san an kira sallah, ka yi yawa. Kunne na yi maka ƙara bayan ka cire, wannan gargaɗi ne. Duk lokacin da ka tashi, azahar ko la'asar ko shan ruwa, cire shi gaba ɗaya.

Mataki na shida: gwada a kanka

Mutane sun bambanta, kuma jin daɗin aiki daban ne da yawan aikin da aka gama. Ɗauki mako biyu. Yau kiɗa zalla, gobe sautin ruwa, jibi shiru, gata waƙar da ka saba. Kowace yamma rubuta abu uku a littafi: irin aikin da ka yi, abin da ka saurara, da abin da ka kammala. In kana amfani da Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren kod, tarihin abin da ka tura zai nuna maka ranakun da ka yi ta komawa kana gyara gyaran da ka yi. Kada ka kwatanta ranar CSS da ranar farautar kuskure. Haɗa kowane aiki da irinsa, sannan ka tsara jeri biyu, ɗaya na aikin hannu, ɗaya na aikin tunani.