Yadda Ake Haɗa Huevos Rotos, Ƙwai da Dankali Irin na Sifaniya

Huevos rotos abinci ne sananne a duk faɗin Sifaniya, musamman a Madrid, inda gidan abinci na Casa Lucio da ke titin Cava Baja, wanda aka buɗe a 1974, ya yi suna da shi. Don mutum biyu, ana buƙatar rabin kilo na dankalin Turawa, da ƙwai 4, da man zaitun wadatacce, da gishiri, da kimanin giram 80 na busasshen nama da aka yanka shi sirara ƙwarai.

Naman da Sifaniyawa suka saba sawa shi ne jamón, wato cinyar alade da ake binnewa cikin gishiri, sannan a rataye ta watanni da dama har ta bushe. Wanda ba ya cin alade yana da mafita daga ƙasar kanta, domin a lardin León ana yin cecina, naman shanu da ake gishirtawa, a yi masa hayaƙi, a busar. Ana kuma iya barin naman gaba ɗaya.

A fere dankalin, a yanka shi dogo-dogo ko fale-fale, a wanke, a tsane shi da kyalle mai tsabta. A zuba shi cikin man da bai yi zafi sosai ba, a bar shi a matsakaiciyar wuta kimanin minti 12 har ya yi laushi, sannan a ƙara wuta na ɗan lokaci domin bayansa ya soyu. A nan ne gaggawa take ɓata aiki, saboda dankalin da ya ƙandare ba zai sha kwanduwa ba, alhali kuwa kwanduwar ce kaɗai miyar wannan abinci. A tsame shi, a barbaɗa gishiri kaɗan, tunda naman ma yana da nasa.

Ƙwan yana bukatar mai mai zafi sosai. A fasa shi a hankali, a riƙa ɗibar man da cokali ana zuba masa a kai, har farin ya daskare, gefensa ya soyu sosai, amma kwanduwar tana nan ruwa-ruwa. Da wuya hakan ya wuce minti ɗaya, don haka kada a bar gaban kaskon.

A shimfiɗa dankalin a faranti tun da zafinsa, a ɗora naman a kai ba tare da an soya shi ba, domin suya tana taurara shi, ta kuma fito da gishirinsa fiye da kima. Zafin dankalin ya isa ya narkar da kitsensa. A aza ƙwan a sama, a kai teburi nan take, a can ne ake yayyanka shi da wuƙa da cokali mai yatsu, kwanduwar ta gangara cikin dankalin, a ci da burodi.