Idan manhajar gwaji ta ƙi tashi a tsohuwar kwamfuta

Har yanzu akan kawo mini kwamfutocin zamanin 386 da 486 a shagona da ke Tudun Wada a Gusau, galibi da kwalin fayafayan fulofi. A ciki akwai manhajojin gwaji, waɗanda masu su suka yarda a kwafa a raba, in ta yi maka ka biya a ba ka cikakkiya. Haka aka raba wasannin Commander Keen a 1990, Wolfenstein 3D a 1992 da Doom a 1993. Da manhaja ta ƙi tashi sai mai na'ura ya ce, "Malam, a goge komai." Kada ka goge. Yawanci na'urar lafiyarta lau.

Fara da faifan. Ƙurar hunturu da zafin bazara ba sa raga wa fulofi, saboda haka kwafe abin da ke ciki zuwa rumbun kwamfutar tukuna. In fayil ɗin ZIP ne, buɗe shi da manhajar PKUNZIP 2.04g, domin tsohon 1.10 ba ya karanta sabon matsi, kuma ka ƙara -d don kowane fayil ya koma mazauninsa. In ka ga kuskuren CRC, fayil ya lalace, nemi wani kwafi.

Inda aka fi shan wuya shi ne ƙwaƙwalwa. Ko RAM ɗinka ya kai megabayit 8, kilobayit 640 na farko kawai DOS, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ke ba manhajojin da aka saba, kuma direbobin linzami da CD da sauti duk a nan suke cunkushe, kamar fasinjoji sun cika gaban mota alhali baya babu kowa. Rubuta MEM /C ka ga mai cin wurin. Sannan ka ajiye kwafin CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT, fayilolin da DOS ke karantawa lokacin tashi, a gefe, ka tabbata layukan nan suna cikin CONFIG.SYS a jere:

DEVICE=C:\DOS\HIMEM.SYS
DEVICE=C:\DOS\EMM386.EXE NOEMS
DOS=HIGH,UMB

Sauran direbobi ka ɗora su da DEVICEHIGH, na cikin AUTOEXEC.BAT kuma da LH. In manhajar ta nemi EMS, wani nau'in ƙarin ƙwaƙwalwa, sauya kalmar NOEMS da kalmar RAM a layi na biyu. DOS 6 yana da MEMMAKER mai yin wannan aiki da kansa, amma ni na fi son hannuna, don in san abin da na taɓa. In na'ura ta maƙale bayan gyara, sake kunna ta ka danna F8 da zarar DOS ya fara tashi, zai riƙa tambayarka layi bayan layi har ka kama mai laifin. F5 kuwa tsallake fayilolin biyu yake gaba ɗaya.

Doom nasa daban ne: megabayit 4 yake so, kuma in iyakar abin da kake da shi ke nan, cire SMARTDRV, manhajar da ke riƙe wani kaso na RAM don saurin karanta rumbu.

Sauti kuma, duba layin SET BLASTER=A220 I5 D1 a cikin AUTOEXEC.BAT. Dole lambobin su dace da saitin katin da abin da ka zaɓa a SETUP na manhajar. Tsofaffin katunan Sound Blaster kan zo a IRQ 7 (IRQ shi ne lambar da ke bayan I a layin), wanda mashigar firinta ma ke amfani da shi. In da hali, mayar da katin IRQ 5.

A Pentium mai gudun da ya haura kamar 200MHz, manhajojin da aka rubuta da Turbo Pascal sukan mutu da "Runtime error 200". Saurin na'urar ne ya rikita lissafin jinkirinsu, sai an yi wa fayil ɗin faci ko an koma na'ura mai sanyin gudu. Wasan da ke gudu kamar ana korarsa kuwa, kashe maɓallin Turbo, in a DOSBox kake, manhajar da ke kwaikwayon DOS a sabuwar kwamfuta, danna Ctrl da F11.

Kafin ka sa fulofinka a na'urar wani, tura ɗan makullin kusurwarsa har ramin ya buɗe. Ta haka bairos ba zai iya rubuta kansa a ciki ba.