Yadda Ake Auna Kwatabak Idan An Rutsa Shi

Masu raba dare a Abuja don kallon ƙwallon Amurka (Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar NFL ta Amurka, da ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare yake farawa a agogonmu) ba sa rabuwa da gardamar wane kwatabak ne ya fi wani, kuma yawanci da gajerun bidiyon WhatsApp ake kafa hujja. Wannan ba ma'auni ba ne. Kwatabak, wato mai karɓar ƙwallo ya jefa wa abokan wasansa, ana gane shi ne a lokacin da ƙartin masu tsaron abokan hamayya suka keto layi suka yo kansa. Aikin auna shi yana buƙatar cikakkun wasanni aƙalla uku, da agogon waya, da takarda da biro.

Fara da lokaci. Danna agogo da zarar an miƙo masa ƙwallo, ka tsayar idan ta bar hannunsa ko aka kayar da shi. A gasar NFL galibi tsakanin daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku ake sakin ta. Idan an cim masa kafin daƙiƙa biyu da rabi, yawanci laifin mutum biyar ɗin da ke kare shi ne. Idan kuwa ya riƙe ta har daƙiƙa huɗu yana dube-dube, shi ya jawo wa kansa. Raba shafinka gida biyu a kan haka, domin nan ne masu kallo suka fi yin kuskure. A Super Bowl na Fabrairun 2021 Tampa Bay ta lallasa Kansas City da 31 da 9, kwatabak ɗin Kansas City, Patrick Mahomes, ya kwana yana gudun ceton rai, amma manyan masu kare shi na gefe biyu duk suna jinya a ranar. Wanda ya dubi sakamako kawai zai yi masa mummunar fahimta.

Sai ido da ƙafa, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Rage saurin bidiyon ka dubi inda hular kwanonsa ta fuskanta. Gwani idonsa na can gaba wurin masu karɓa, da jiki yake jin mai zuwa. Wanda tsoro ya kama sai ka ga kansa ya sunkuya yana kallon masu rutso shi, daga nan wasa ya lalace ko da akwai wanda ke fili. A ƙafa kuma, masu kawo hari ta gefe zagayowa suke yi, saboda haka maganinsu taku ɗaya ko biyu zuwa gaba. Mai ja da baya kai kansa yake yi hannunsu, ya ƙara asarar yadi. Duba kuma ƙafar gaba lokacin jifa: idan bai taka ta ba, ya jefa yana jingine da baya, ƙwallon kan tashi sama ta wuce mai karɓa, kuma irinta ce abokan hamayya ke cafkewa.

Ƙirga masu kawo harin. Idan biyar ne ko fiye, an rage masu tsaro a baya, dole akwai gurbi, kuma wanda ya san aikinsa zai jefa can nan take. Wanda ya fi wuya shi ne mutum huɗu su keto, bakwai na baya sun toshe ko'ina. Haka Philadelphia ta yi wa Mahomes a 2025, ta kayar da shi sau shida. A 2008 ma 'yan gaban New York Giants, ciki har da Osi Umenyiora ɗan asalin Najeriya, sun hana Tom Brady, kwatabak ɗin New England a lokacin, sakat, Giants ta ci 17 da 14.

Kada ka rubuta kowace jifa da ba a kama ba a matsayin kuskure. Idan ya fice daga tsakiya ya wurga ƙwallon waje ta kai layin da aka fara, doka ta yarda, kuma ya tsira da yadinsa. Wannan hankali ne.

Bayan an maka shi da ƙasa, sa alama a jifa uku na gaba. Wasu daga nan suke fara sakin ƙwallo da gaggawa ko babu kowa kusa da su. Ware kuma yunƙuri na uku (cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi goma) idan saura yadi bakwai ko fiye, da minti biyun ƙarshe, amma kada ka yanke hukunci da dare ɗaya, don irin waɗannan lokuta kaɗan ne a wasa.

Masu horar da yara nau'in da ake fizge ƙyalle maimakon kayarwa, wanda za a buga a gasar Olamfik ta 2028, suna iya gwada wannan a kowane fili. A dokarsa mai kawo hari daga yadi bakwai yake tasowa, mai jifa kuma daƙiƙa bakwai gare shi. A atisaye rage masa zuwa huɗu, ka ajiye waya a bayansa tana ɗauka, ya yi jifa ashirin, sannan ku zauna ku ƙirga sau nawa kansa ya sunkuya.