Marubuci ma masunci ne: kurakuran da ke sa a dawo gida gora wayam

Duk wanda ya san bakin kogin Galma ko dam ɗin Kubanni a nan Zariya ya san mai fatsa ba ya zuwa ya wurga ƙugiya haka kawai, sai ya duba ruwan tukun, ina ne zurfi ina ne ciyawa. To mu marubuta a nan muka fi tafka kuskure wallahi. Mutum ya gama labari jiya da dare, yau ya tura wa gasa ya tura wa jarida ya tura wa kamfanin buga littafi, duk abu ɗaya ko waƙafi bai canza ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 gajeren labari take so, kalma 1000 zuwa 1500, in ka zubo musu babi uku na littafinka ai ba ma zai kai gaban alƙalai ba. ABU Press, maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru, kuma littattafan ilimi suka fi bugawa. Gyaran ba wuya, nemi abin da suka fitar a baya ka karanta, ƙa'idarsu ma ka karanta ta sau biyu kafin ka tura.

Sai maganar tana. Shafin farko shi ne tanar da ke bakin ƙugiya, amma sai ka buɗe littafi ka tarar an kwashe shafi uku ana siffanta yarinya, dara-daran idanu, hanci har baka, gashi har gadon baya, ta idar da sallah ta ninke sallaya ta shiga kicin, har yanzu ba abin da ya faru. Haba 'yar'uwa, mai karatun nan a waya yake, datarsa na tafiya, ga saƙonni na shigowa. Fara mana daga inda rigimar ta tashi, kyawunta za mu gani a hanya.

Akwai kuma masu fizgar fatsa da zaran igiya ta ɗan motsa. Rubutun farko ba na bugawa ba ne, ajiye shi ya kwana biyu ka dawo masa, sannan ka ba wanda ba ya jin nauyinka ya karanta, ba aminin da zai ce "kai malam ka iya" ba. A duba inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, a sa ƙ da ɗ da ɓ a muhallinsu, ga ɗaliban Hausa nan birjik a ABU, kuɗi kaɗan za su duba maka.

Amma abin da ya fi ci min rai shi ne bayan an kama kifin. Kifi ba ya jiran kowa, in ba a kai kasuwa ba ko a yi banda to ya lalace. Garin nan ne fa aka kafa kamfanonin buga littattafai, Kamfanin Gaskiya a 1945, da NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) a 1966, a tsarinsu akwai edita akwai masu kai littafi makarantu da shaguna. Yanzu yawancinmu kai ne marubuci kai ne edita kai ne ɗan talla, shi mai injin bugawa aikinsa ya buga ya karɓi kuɗinsa, ba ruwansa da wa zai saya. Shi ya sa za ka shiga ɗakin mutum ka ga katan-katan na littafi a ƙarƙashin gado, damina ta wuce sun yi fumfuna, ga bashin bugu ana binsa. Kafin ka biya ko sisi zagaya wajen masu sayar da littafi a Sabon Gari da Samaru ka ji nawa za su ɗauka, ka buga kaɗan, in ya ƙare a ƙara. Ka nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Laburaren Ƙasa. Duk wanda zai karɓi littafinka ya sayar, ko ya karanta a YouTube, a yi yarjejeniya a rubuce da shaidu, kason kowa da ranar biya, ko da kuwa yayanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.